Sanarwar Rasuwar Hatimin da Ya Faɗo daga Sama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Neville Brannock, magatakardan Ƙungiyar Masu Tashi da Lema da Fiffike ta Dutsen Warrabin, yake sanar da 'yan ƙungiya ɗari biyu da goma sha biyu, da maƙwabta, da abokan arziki, rasuwar abokin aikinsa kuma amininsa, Hatimin Ƙungiya. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce da misalin ƙarfe ɗaya na rana, bayan gajeriyar jinya wadda ba ta kai rabin minti ba, tun daga tsayin mita ɗari tara har ƙasa. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya.

An sassaƙa marigayin a wani ɗan shago a garin Wangaratta, da mariƙin katako da fuskar roba. Sunan ƙungiya ya zagaye fuskar, a tsakiya kuma an rubuta cewa an tabbatar. Bai yi karatu mai zurfi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Amma duk faɗin kwarin nan babu wanda ya isa ya gangaro da gudu daga kan dutse ya miƙa kansa ga iska sai marigayin ya taɓa katinsa na zama ɗan ƙungiya. Babu kuma wanda ya zama malamin koyar da tashi, ko ya sami izinin ɗaukar fasinja, ba tare da amincewarsa ba.

Kowa ya shaide shi da haƙuri. Mutanenmu ba sa tuna katinsu ya ƙare sai safiyar da iska ta yi daɗi, sai ka ga mutum ya faɗo ofis da hular kwano a kai yana haki, wai a taimaka masa yanzu-yanzu, mota na jira. Wani ya kawo hoton kati sanye da baƙin tabarau, wani ya kawo takardar da ta kwana wata uku a cikin takalmi. Marigayin bai taɓa ɓata rai ba. An kuma shaide shi da adalci. Masu fiffiken ƙarfe suna cewa masu lema sun rataya ne a jikin zanin gado, masu lema suna cewa masu fiffike sun ɗauko gadon ne da kansa, shekara da shekaru ba a daina wannan tsiya ba, amma shi bai taɓa danna wa wani ɓangare fiye da wani ba. Ba shi da yawan magana. Kalma biyu aka san shi da su: ɗif a kan tawada, ƙwas a kan takarda. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan ofis da hantsin Asabar ya san wannan murya.

Babbar nagartarsa kuwa, wadda magatakarda ne kaɗai ya ci moriyarta, ita ce riƙon sirri. Tunda ya tafi, babu amfanin ɓoyewa kuma.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, magatakarda ya zo sauka da lemarsa, iska ta kwashe shi ta rataye a ƙolin wata bishiyar turare. Awa biyar yana lilo a can, tsuntsaye suna kallonsa, kafin 'yan kwana-kwana su sauko da shi. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma tun daga ranar ƙafarsa ba ta sake barin ƙasa ba. Duk ranar da iska ta yi kyau jama'a suka cika motoci za su hau dutse, sai ya ɗaga hatimi ta taga, ya ce aiki ya yi masa yawa, su je zai biyo baya. Wallahi wani lokacin babu ko kati ɗaya a teburin, tsohuwar jarida yake bugawa don a ji ƙara. Duk shekara kuma marigayin yakan sabunta masa nasa katin, mai cewa shi ƙwararren matuƙi ne kuma mai jarraba malamai, bai taɓa tambayarsa yaushe rabonsa da sama ba.

Ga yadda ajali ya zo. Dokar ƙungiya ta ce duk mai neman shaidar malanta sai ya ɗauki ɗaya daga cikin masu jarrabawa a matsayin fasinja, ya tashi da shi, ya sauke shi lafiya. Masu jarrabawa biyu ne: magatakarda, da tsoho Rod Kinnear. Shekara goma sha huɗu Rod ke hawa, magatakarda yana bugawa. Bana aka yi wa Rod aiki a ƙugu, likita ya ce ko tsani kada ya kalla. A daidai lokacin ne kuma Tegan Vassallo ta gama duk sauran jarrabawarta. Tegan ta ajiye aikin tuƙin motar makaranta da ta yi shekara tara tana yi, domin wata makarantar koyon tashi ta ce za ta ɗauke ta malama daga Litinin mai zuwa, muddin ta zo da shaida a hannu. In ba ta zo da ita ba, akwai mai jiran gurbin.

Magatakarda ya nemi mafita ta ko'ina. Ya karanta dokar sau bakwai, shi da ya rubuta ta. Ya buga wa Rod waya ya tambaye shi ko ƙugun ya ɗan yi sauƙi. Rod ya ce, "Nev, da sandar ƙarfe nake zuwa banɗaki. Ka hau kawai, yarinyar nan ta fi ni iyawa."

Magatakarda ya hau. Ya kuma ɗauki marigayin a aljihun ƙirji, da niyyar yana taɓa ƙasa ya buga takardar nan take a kan gwiwa, a wuce wurin, kada wani ya kawo zancen maimaitawa. A nan ya zama dole a ambaci doka ta tara, wadda ita ma magatakarda ne ya rubuta ta, ya kuma kori mutane da dama daga kan dutse a kanta: duk abin da za a hau sama da shi, waya ce, rediyo ne, ko gorar ruwa, sai an ɗaure shi da igiya. Bai karya dokar ba. Ya ɗaure marigayin tamau, ƙulli biyu. Sai dai da yake hankalinsa na kan gangaren da ke gabansa, ɗaya bakin igiyar da ya kamata ya ɗaure a jikinsa, sai ya ɗaure shi a jikin 'yar gwangwanin tawada. Ya zuba su biyun a aljihu, ya manta bai ja zif ba.

Tegan ta duba ɗamararsa, ta tsaya a bayansa, ta ce, "In na ce gudu ka yi gudu, Nev. Kada ka zauna mini." Ya yi gudu. Ƙasa na barin ƙafarsa ya rufe ido.

Minti ashirin da tashi, lemar ta shiga iska mai ɗumi mai hawa, ta ɗan girgiza su. Magatakarda ya dunƙule kamar an naushe shi a ciki. 'Yar gwangwanin ce ta fara zamewa, ta ja marigayin, suka tafi tare. Tegan ta ɗaga murya ta ce, "Kai, mene ne ya faɗi?" Shi kuwa, ido a rufe, ya ce, "Ba ni ba ne?"

Filin sauka gonar Dulcie Prendergast ce, eka tamanin, ciyawa zalla mai taushi. A duk gonar abu ɗaya ne na siminti, kwamin da shanunta suke shan ruwa, kuma a bakinsa marigayin ya sauka. Ya rabu gida uku. Dulcie ce ta tsinto shi ta kawo a bokitin madara, ta dire a gaban magatakarda, ta ce, "Shekara talatin kuna faɗo mini a gona ɗaya bayan ɗaya ban ce komai ba. Yanzu kuma kayan ofis kuka fara jefowa?"

Marigayin ya bar matarsa, 'yar gwangwanin tawada, wadda ta faɗa cikin ruwan kwamin ta tsira da lotsewa a gefe, ta kuma mai da ruwan shuɗi har bakin shanu biyu. Ya bar ƙanensa mai buga kwanan wata, wanda ya tsaya a wata shekara can baya ya ƙi motsi, da tsohon kabad mai aljihu huɗu wanda na ukunsa ba ya buɗewa sai da ƙafa. Ya bar 'ya'ya da jikoki masu yawa, kati sama da dubu huɗu da shaidar malamai sittin da uku, wasu a aljihun masu su, wasu sun bi ta injin wanki. Ya kuma bar takarda ɗaya da bai kai ga bugawa ba, ta Tegan.

Washegarin rasuwar magatakarda ya buga wa babban ofishin ƙungiyoyin masu tashi na ƙasa waya ya kai rahoton rashin. Aka ce masa sabon hatimi sai bayan sati shida, amma kada ya damu, sa hannunsa kawai ya wadatar. Tegan na tsaye a bakin tebur tana murmushi. Ya ɗauki biro. Takardar na da tambaya goma sha biyu waɗanda fasinja ne kaɗai zai iya amsawa: ko ta waiga hagu da dama kafin ta juya, ko ta bar tazara tsakaninta da sauran masu tashi, ko ta lura da yanayin iska kafin ta nufi ƙasa. Da marigayin yana raye, da tuni an ji ɗif, an ji ƙwas, sunan ƙungiya ya ɗauki nauyin komai. Biro kuwa sunan Neville Brannock zai rubuta, cewa ya gani da idonsa. Hannun ya tsaya a sama ya ƙi sauka.

"Tegan," ya ce, "ban ga komai ba."

"Kamar yaya ba ka ga komai ba?"

"Idona a rufe yake. Tun daga tashi har sauka."

Ta ce, "Minti arba'in ina nuna maka kogi, ina nuna maka mikiya, kana ce mini e, e, gwanin sha'awa?"

"Na yarda da ke ne."

"Nev, na bar aikina fa! Mutane za su ba ni 'ya'yansu in hau da su sama a kan wannan takardar. Ka ajiye biron nan, ba na so. Ranar Asabar za mu koma, kuma wallahi ka rufe ido sai na zagaya da kai har yamma."

Magatakarda ya ji wannan magana har ƙashinsa, domin gaskiya ce, kuma shi ya kamata ya fara faɗinta. Da la'asar Rod ya zo ta'aziyya yana dogara sanda, magatakarda ya tattara ƙarfin hali ya faɗa masa sirrin shekara goma sha huɗu, har da tsohuwar jaridar. Rod bai ko ajiye kofin shayinsa ba. Ya ce, "Haba Nev, wa kake tsammani yake ajiye maka jaridun? Kowa ya sani. Mun ƙyale ka ne don babu mai son aikin ofis."

Iyalan marigayin suna godiya ga duk waɗanda suka zo, da waɗanda suka aiko saƙo, har da mutum goma sha ɗaya da suka aiko wa magatakarda kwafin doka ta tara.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Za a taru a kan Dutsen Warrabin, inda za a ɗauki gawar a zagaya da ita sama karo na ƙarshe, sannan a binne ta a gefen filin sauka, a wurin da Dulcie ta nuna, nesa da shanu. Bayan nan akwai gasasshen naman sosej da albasa a cikin burodi, kowa ya zo da kujerarsa. Ba a buƙatar furanni. In iska ta ƙi, an ɗaga zuwa Lahadi, bayan Lahadi kuwa babu sauran rana, domin Litinin da safe ake jiran Tegan da takardarta. Magatakarda ya duba hasashen yanayi sau talatin tun jiya, bai ma san wanne yake fata ba. An ce iskar za ta yi kyau ƙwarai.

Tegan Vassallo ce za ta tuƙa. Magatakarda ne zai riƙe gawar, a matsayin fasinja, da takarda mai tambaya goma sha biyu a gabansa. Idan jama'ar da ke ƙasa suka ji ihu yana saukowa daga sama, ana roƙonsu su rufa masa asiri, su ɗauka kukan rashi ne. Magatakarda ba zai iya hana kansa ihun ba, amma ya yi alkawarin zai yi shi ido a buɗe.