Nomau da Soson Teku

A ƙauyen Kwarin Maje, can bayan marina, akwai wani gida mai ɗaki uku da rumbu ɗaya. Mutanen gidan ma uku ne. Akwai Inna Ramma, wadda ciwon ƙafa ya zaunar shekara biyu. Akwai babban ɗanta Nomau, ya haura hamsin, ga ƙarfi ga farar zuciya, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Sai autarta Lantana, wadda boko ya kai har bakin teku a kudu, tana aikin binciken halittun ruwa.

Da ciwon Inna ya tsananta, Lantana ta ɗauki hutun wata uku ta dawo gida, aikinta na biye da ita a akwati. Kwalabe goma sha huɗu ne, kowace da soson teku jiƙe a sipirit don kada ya ruɓe, sai madubin ƙara girma. Kafin hutun ya ƙare ake so ta aika da rahoton dangin kowane soso. Da safe ta gasa wa Inna ƙafa, da hantsi ta duƙa kan madubi, da yamma ta tuƙa tuwo. Hannu ya yi mata kaɗan, dole ta nemi taimakon Nomau.

Wata rana Nomau ya ɗaga kwalba ɗaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Auta, wannan wane irin rogo ne?"

"Ba rogo ba ne, Yaya. Dabba ce. Ba ta da baki, ba ciki, ba zuciya. Ruwa ke shiga ta ƙananan hujojin nan ta tace abincinta, ya fita ta babbar ƙofar sama. Don Allah ka kula min da su yadda kake kula da dabbobinka."

Ta tafi ɗebo wa Inna magani a shagon bakin titi. Da ta dawo ta iske ya ɗaure kwalbar da igiya a turken awaki, ya buɗe murfin ya cika ta da dusa. Akuya ta ture ta, kaji sun gama da abin da ke ciki.

"Sauran ban samu igiya ba," in ji shi.

Lantana ta tsaya riƙe da ledar magani. Ranar da ta samo soson nan ta tuna, tana kwance a ƙasan kwalekwale tana ta amai. Ta ce, "Kada ka nemi igiyar, Yaya," ta wuce ɗakin Inna.

Wata rana, don ya fahimci darajar abin, ta kira shi ta sa ya leƙa madubi. Ta ce, "Ka ga waɗancan? Ƙashinsa ke nan, allurai ne na gilashi, dubbai a jikinsa. Da siffarsu muke gane danginsa." Washegari sai ga maƙwabciyarsu Tabawa ta leƙo aron allura za ta ɗinke zani. Inna ta ce tata ta ɓata.

Nomau ya ce, "Mu da muke da dubbai?" Ya tsamo soso guda ya danƙa mata.

Tabawa ta matsa nan, ta murza can, tana neman inda allurar take. Kafin azahar tafin hannunta ya kumbura ya yi ja, tana susa tana salati. Yinin ranar Lantana a gidan Tabawa ta yi shi, tana manna mata salatif a tafin hannu tana ɓarewa don zare ƙananan alluran, tana ba mijinta haƙuri. Ta dawo wuyanta a sage, tuwo bai hau wuta ba sai bayan la'asar.

Wata rana ruwan sama ya yi wa ɗakin da Lantana ke aiki ɗiga, sai da aka kwashe kwalaben zuwa zaure. Da rufi ya bushe Lantana na tsakar wankin Inna, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, mayar min da su ciki. Masu takarda launi ɗaya dangi ɗaya ne, kowa ka haɗa shi da danginsa."

Nomau ya samo tukwane uku. Masu jar takarda ya juye su a ɗaya, masu shuɗiya a ɗaya, masu ruwan ɗorawa a ɗaya. Ya wanke kwalaben tas, har takardun da ke ɗauke da lamba da ranar kamu suka saɓule.

"Sun haɗu," ya ce da murna. "Babban nan ne kawai na bari. Takardarsa fara ce, na duba ba shi da kowa."

Lantana ba ta yi faɗa ba. Tun tana ƙarama ta san faɗa ba ya shigarsa, sai dai ya ƙi cin abinci kwana biyu, Inna kuma ta kama kuka. Kwana tara ta yi tana tsakurar kowane soso tana duba alluransa tana gwadawa da littafinta, har idonta na dama ya soma ruwa. Biyu daga ciki har yau ba ta da tabbacin lambarsu.

Shi kuwa babban, mai farar takarda, shi ne dukan begenta. Girmansa ya kai dunƙulen hannu, bayansa ja-ja, kuma shi kaɗai aka taɓa samu, shi ya sa ba ta taɓa yarda ta yanka shi ba. Ɗan tsakure kawai take yi daga gindinsa. Duk tsakuren da ta duba sai ta ga allurai iri biyu a cakuɗe, masu kai kamar fil da masu siffar tauraro, haɗin da ba ta samu a kowane littafi ba. Shekara huɗu tana kansa. Ta riga ta rubuta cewa sabon jinsi ne, ta raɗa masa suna, saura hoto kawai ta aika.

Wata rana, ana saura kwana biyu hutun ya ƙare, ta kirawo mai hoto daga cikin gari. Da ma a naɗe ta taho da soson cikin farin ƙyalle a kwalbarsa saboda jijjigar mota. Tana gasa ƙafar Inna ta ji ƙarar babur, ta ce, "Yaya, fito da babban nan a faranti, ka cire masa rigar. A hankali." Gajiya ta mantar da ita cewa tun shekaranjiya ta cire ƙyallen da kanta.

Nomau ya juya soso, ya sake juyawa, bai ga riga ba. Amma Auta ta ce akwai riga. Ya bi gindin da farce har ya ji wani ɗan gefe ya ɗago, ya bi shi sannu a hankali yadda ake ɓare dafaffen ƙwai.

Lantana ta fito ta iske jan bayan soson a gefe guda, cikinsa fari-fari a gefe guda. Ta zauna a kan turmi. Mai hoto ya yi sallama ya shigo.

Can ta jawo farantin. Inda aka ɓare babu yaga ko ɗaya. Farin yana da tasa fatar, da nasa hujojin, har da babbar ƙofarsa da jan ya kusa toshewa. Ta tsakuri jan ta sa a madubi, masu kan fil zalla. Ta tsakuri farin, taurari da ’yan dogaye, babu mai kan fil ko ɗaya. Dabbobi biyu ne, ɗaya ya tsiro a bayan ɗaya ya lulluɓe shi, kuma kowanne tun tana ɗaliba ta san danginsa. Da rahoton ya tafi, da manyanta na wurin aiki ne za su yanka shi a gaban taro su nuna mata.

Ta ture madubin gefe. Shekara huɗu.

Mai hoto ya yi gyaran murya. "Hajiya, wanne zan ɗauka?"

"Duka biyun. Kowa dabam."

Nomau yana tsaye yana murza gefen rigarsa. "Auta, na ɓata ne?"

"Ka ɓata, Yaya." Ta share idon da ke ruwa. "Allah Ya saka maka da alheri."

Nomau ya saki gefen rigarsa. A shekara hamsin ba a taɓa yi masa godiyar ɓarna ba. Fuskarsa ta washe, ya nannaɗe hannun riga ya nufi sauran kwalaben.

"To wanne kuma zan ɓata miki?"

Lantana, duk da gajiyarta, ta riga shi isa ƙofar ɗakin ta murza makulli.