Ranar da Na Nema wa Ƙanena Auren Matata

Ko komai zai gudu daga kaina, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Bello ba.

Lokacin da 'yan'uwa suka gudo daga Mubi saboda rikici suka cika gidanmu a Jimeta, har rumfar janareta sai da ta zama ɗakin kwana. Ni kuma, mai dabara, na jawo injin zuwa baranda, gab da tagata. Wata rana da azahar na kunna fanka na kishingiɗa. A asibiti na farka.

Likita ta ce hayaƙin yana ɗauke da guba marar wari, mai hana jini kai iska ƙwaƙwalwa, kuma wurin ajiye sababbin abubuwa ya fi jin jiki. "Tsofaffin suna nan, Malam. Sababbin kuwa, ka riƙa rubutawa."

Ni, hedimasta guda, in riƙa yawo da takarda? Na hana matata Hajara gaya wa kowa.

Bayan wata biyu aka sa ni wakilin ango a wani masallaci a Mbamba. Dangin amarya da ƙyar suka yarda da Bello (sun ce gidanmu ba natsuwa), don haka ya roƙe ni kada in kunyata shi. Tun daga gida nake nanata sunan yarinyar.

Liman ya miƙo min lasifika. Na gyara murya. "Ina nema wa ƙanena Bello auren..."

Wayam. Sunan ya ɓace. Na laluba ko'ina, suna ɗaya tal na samu, na kuwa sake shi da ƙarfi: "Hajara!"

Bappan amarya, wato waliyyinta, ya san gidana sarai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni malam da Fillanci. "Modibbo, wannan ai uwar 'ya'yanka ce. Yaushe ka sake ta ba mu ji ba?"

Masallaci ya kece da dariya, ban da Bello. Wallahi kamar in nitse. Dole na fayyace labarin hayaƙi a gaban jama'a, ta lasifikar dai.

Tsohon ya kama tafin hannuna ya rubuta sunan amarya, Dija, da biro. "Karanta a hankali. Mun ba shi."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Hajara ta tare ni a ƙofa. "Ko shawara babu, Malam?"

Ranar na gane lalurar da ka ɓoye a ɗaki, ita ke zaɓar taron da za ta fito.