Jatau da Mutumin Jikin Bango

A ƙauyenmu an yi wani Jatau, wanda in ka ce masa ya jira ka a nan, baɗi ma a nan za ka same shi. Daga shi sai tsohuwarsa, Inna Dela. Ɗakinta na ƙasa ne, danshi ya ci gindin bangonsa, kowace damina yana ƙara hawa, har ya zana wani baƙin abu kamar mutum a tsaye, ba kai. Kullum ana tsoron ɗakin ya rufta mata, amma ta ce mijinta ne ya gina shi, sai dai gawarta ta fita. Ni kaina ban taɓa yarda na leƙa ba.

Wata rana Sallau magini ya zo ya duba, ya ce, "Ruwan indararo ne ke kwanciya a gindinsa. Ka yi daɓe a nan, ka ba shi gangare, ruwa ya bar muku gida." Jatau ya ja gangare, ya bi da shi ta zaure, ya ƙetare lungu, bai tsaya ba sai a ƙofar maƙwabcinsu Malam Barau. Ruwan farko, sai ga takalman Malam suna iyo. "Jatau, me na yi maka?" Ya ce, "Ai gidanmu aka ce ya bari, Malam, ba a ambaci naku ba."

Wata rana, bayan an gyara gangaren, mata suka zo taya shi sabon daɓe da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Da za su tafi, Gwaggo Tabawa ta miƙa masa madaɓi ta ce, "Yi ta duka har ƙasa ta daina amsa maka." Rana ta take, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Ko'ina ya daɓu sai gindin bangon. Ya buga tim, ya ji tim daga ciki. Ya ɗaga hannu ya saurara, sai aka sake bugawa. Bawan Allah, sai ya yi sallama! Daga ɗaki Inna ta ce a hankali, "Ƙyale shi, Jatau, kai yake fitarwa." Ya leƙa, ga kai kuwa ya fito wa mutumin jikin bangon.

Wata rana hadari ya haɗo, Sallau ya danna yatsa a bangon, yatsa ya nutse. Ya ce, "Gyara sai bayan damina. Yanzu dai duk abin da ke jingine da bangon nan, fitar da shi." Jatau ya kwashe tukwane da tabarmi. Ya waiga, ga Inna a jingine tana jan carbi. Ya sunkuce ta cak, tana dukan kansa tana cewa, "Sauke ni, ɗan banza!" Ya dire ta a zaure, maƙwabta na ta yi masa tir.

Ruwa ya kece. Kafin la'asar bangon ya durƙusa a hankali, ya kife daidai kan buzun da Inna take zaune a kai ɗazu. Duk wanda ya yi tir ya yi tsuru-tsuru.

Inna ta daɗe tana kallon tarin ƙasar, ta ce, "Ni ya zo ɗauka."

Jatau ya ce, "To ya makara, Inna. Ni aka fara aika."