Ranar da Aka Ba Ni Mudun Coci

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya ja mini ba. Cocinmu a Keffi na rabon shinkafa duk ƙarshen wata ga masu ƙaramin ƙarfi, Kirista da Musulmi, kowa mudu biyu. Ranar mai awo ba ta zo ba, sai na yi caraf na ce ai ni 'yar mai sayar da hatsi ce, cikin buhuna na girma (alhali ko sau ɗaya ban taɓa tsare wa uwata rumfa ba).

Mama Laraba, shugabar matan zumunta, ta miƙo mini mudu ta wuce. Ashe su shafe bakin mudu suke yi daidai, kuma a kan haka aka sayo buhunan. Girman kai ya hana ni tambaya. Awon kasuwa na dinga zubawa: ya yi tozo, in tare da hannu, in ƙara gyara. Ana ta sa mini albarka, kaina na ta kumbura.

Can na ji mudu ya karci gindin buhun ƙarshe, ga mutum tara a layi. Ta gabansu Iya Hajara ce, tsohuwar da ta tako a ƙafa daga Jigwada, jikoki huɗu na jiranta. Ta buɗe mini ledarta tana murmushi. Gaskiya na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama Laraba ta leƙa buhu, ta dube ni. "Ke kika auna, ke za ki yi bayani."

Na ja ƙafa zuwa bakin ƙofa, inda waɗanda suka karɓa ke jiran keke, na faɗi abin da na aikata. Sai wata mai goyo ta tuntsire da dariya. "Dama na ce wannan awon ba na coci ba ne." Ta kwance ƙullinta ta juye tozon a buhu. Saura suka bi, ana yi ana tsokanata. Mutum taran nan duk suka samu nasu cif, Iya Hajara ta ɗora nata a ka ta tafi. Ban taɓa alfahari da mutanen garinmu kamar ranar ba.

Na dai koyi tambaya kafin in yi cika baki. Yanzu jera kujeru ne aikina, amma har yau 'yan layi na tambayar Mama Laraba yaushe za a maido mini da mudun.