Kawu Jumare Ya Je Binciken Ango

"Ni da na ƙoshi da finafinan 'yan bin sawu na da, masu baƙi da fari?" in ji Jumare. "Kallo ɗaya nake yi wa mugu in gane shi."

A falon yayarsa Kulu ya yi wannan cika bakin, a unguwar Whalley Range ta birnin Manchester. Wani likita mai suna Musbahu ne ya fito neman 'yarta Shifa, kuma ka san ba a ba da 'ya sai an binciki halin mai nema. Kulu ta ce a tambayi limamin su Musbahu a can Birmingham. Jumare ya ce wannan binciken ragwaye ne.

"Kawu, please," in ji Shifa, "kada ka kore min shi."

Ranar Asabar gogan naka ya sauka a unguwar Handsworth ta Birmingham da doguwar kwat da malafar Turawa, ana tsakiyar zafin Yuli. Ya laɓe bayan wata mota daura da gidan Musbahu, ya buɗe jarida, ya huda ta da yatsa. Da yake ba ya shan taba, sai ya maƙala asuwaki a baki.

Abin da finafinan ba su koya masa ba shi ne yadda Bahaushe zai yi da gaisuwa. Wani dattijo ya zo wucewa ya yi sallama, sarkin ɓuya ya amsa daga bayan jarida, har da tambayar iyali. Kafin azahar mutum shida sun san an yi baƙo daga Manchester, ɗaya ma ya kawo masa kujera.

Mai motar kuwa, wata tsohuwa, ta kira 'yan sanda.

Yana cikin rantse musu cewa aikin sirri yake yi, sai ga Musbahu ya fito ya durƙusa.

"Kawu, sannu da rana. Tun safe nake son kawo maka ruwa, Shifa ta ce in bari ka gama."

Shi ya tsaya wa Jumare, ya shaidi halinsa, sannan aka sake shi.

Daga tashar jirgi ya kira Kulu, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, bincikena ya nuna yaron kirki ne. A ba shi."

"Mu ai mun yarda," in ji Kulu. "Iyayensa ne suka bugo yanzu. Sun ce a dakata tukuna, sai sun binciki ko akwai taɓin hankali a danginmu."