Yadda Yombo Ya Ci Amanar Haladu Koriya

Wani mutum ne, in ji 'yan hassadar layinmu, ya tafi koyon duka ya dawo da faɗuwa. To ni ne mutumin. Tunda Sallau mahauci ya riga ya zaga gari da labarin yana ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakin wanda aka zalunta.

Ni ne Haladu Koriya, kuma sunan ba tsintarsa na yi ba. Ina saurayi na yi wa wasu 'yan Koriya masu aikin titi direba. Kullum da safe ina jingine da mota ina kallonsu suna harba ƙafa sama suna ihu. Kallo ma ai karatu ne. Shi ya sa in hira ta yi daɗi a majalisa nakan ce ina da baƙin bel a kareti, wato na ƙure malejin. Shekara da shekaru ba wanda ya yi rashin kunyar cewa in nuna.

Sai ɓarayi suka addabi layin. Mai unguwa ya ce za a kafa 'yan sintiri, a naɗa musu kwamanda. Kwamanda fa! Ga kaki, ga usur, ga kujerar gaba in ana taro. To wa ya dace? Ku dubi ƙirji. Ku dubi gemu, baƙi wuluk, ko silin furfura babu.

Da na gabatar da kaina gaban mai unguwa, sai Sallau ya miƙe yana sakace haƙori. "Ranka ya daɗe, ni ma ina so. Amma in Koriya ya ɗauro baƙin bel ɗin nan ranar zaɓe ya nuna mana ko harbi ɗaya, wallahi na janye."

Na ce, "Bel ɗin yana ƙasan akwati."

Ya ce, "Akwatin ma ai a Koriya yake."

Aka kwashe da dariya. Na haɗiye. Manya ba sa biye wa mai ƙarnin nama.

Don in ɗan tuna baya, ba don ban iya ba, na nemi makarantar kareti can ƙarshen gari, inda ko kare bai san ni ba. Malamin wani siririn mutum ne, Masta Ilu, kai ka ce iska za ta ɗauke shi. Tun daga ƙofa aka fara wulaƙanci. A tuɓe takalmi. A rusuna wa tabarma. Ni Haladu, in rusuna wa tabarma! Aka ba ni fararen kaya da farin bel, aka tura ni sahun baya.

Na ce, "Masta, ni duka na zo a koya min. Irin wanda ake yi sau ɗaya mutum ya kwanta."

Ya ce, "Baba, a nan faɗuwa ake fara koya."

"Faɗuwa? Wannan ai tun ina rarrafe na iya."

"To bismillah."

Ban ga lokacin da ƙafarsa ta motsa ba. Tim! Sai ga ni ina ƙirga kwanon rufi.

Haka aka yi ta yi. A sunkuyar da haɓa. A mari tabarma da tafin hannu, fam! A miƙe, a rusuna, a ce, "Na gode, Masta." Mutum ya kayar da kai kuma ka yi masa godiya. Gwiwoyina suna ƙas-ƙas kamar ana karya kara. A gida na ce wa matata Hajiya sanyin ƙashi ne. Duk zuwan da na yi, ko sauro ba a bar ni na harba ba. Amma faɗuwa kam, gaskiya, ta zauna.

Ana gobe zaɓe na dubi farin bel ɗin nan, shi ma ya dube ni. Na ce bambancin fari da baƙi ai launi ne kawai. Akwai wata kwalbar yombo, baƙin nan da masu furfura ke shafawa, da nake ajiyewa saboda baƙi. Na juye rabi a roba, na tsoma bel, na shanya a bayan ɗaki. Ya fito baƙi ƙirin, yana ƙyalli. Ragowar kuma, don kada ta lalace, na ɗan goga a gemu.

Washegari filin firamare ya cika. Rana kamar ta sauko ta gaisa. Na shigo cikin fararen kaya, baƙin bel ɗaure a kunkumi, ina tafiya a buɗe. Mata ta saman katanga suna leƙe. Na harba ƙafa, ta kai kusan gwiwa. Na yi ihu, "Hayyaa!" Wata akuya ta zabura. Mai unguwa ya fara gyaɗa kai. Kujerar nan har na fara jin laushinta.

Sai Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, babban gwani bai kamata ya yi ta dukan iska ba. Na gayyato wani mai sayen nama a wurina, shi ma ya ɗan taɓa abin."

Jama'a suka dare. Wa zan gani? Masta Ilu.

"A'a, Baba Haladu! Ina gwiwa?"

Na ce cikin murya ƙasa-ƙasa, "Bawan Allah, kama ce."

Ya dubi kunkumina. "Ikon Allah. Shekaranjiya fa fari ne."

Sallau ya kama kunne. "Me ya ce? Ɗaga murya, Masta, mai unguwa bai ji ba!"

Nan gumi ya karyo min. Ku shaida, mai sayar da yombon nan ya rantse min ko ruwan sama ba ya wanke shi. Sai ji na yi mata suna ƙyalƙyala dariya. Na duba ƙasa. Baƙi yana gangarowa daga bel, layi-layi, har gwiwa. Daga gemu kuma ɗis, ɗis, a ƙirjin riga. Na sa hannu na share fuska. Kuskure ke nan.

Sallau ya matso, ya dangwali bel, ya dangwali gemuna, ya ɗaga yatsu biyu sama. "Jama'a, kwalba ɗaya ce!"

Raina ya ɓaci. Na yi kukan kura na yi kansa. Masta Ilu ya shiga tsakani, ya ɗan taɗe ni kamar mai kawar da tsinke.

Haɓa a ƙirji. Tafin hannu a ƙasa. Fam! Ƙura ta tashi, tantabarun makarantar suka watse. Kafin hankalina ya dawo, jiki ya riga ya yi abin da ya saba: na miƙe, na rusuna, na ce da ƙarfi, "Na gode, Masta!"

Masta ya tafa. "Wallahi duk ajin ba wanda ya kai shi iya wannan."

Mai unguwa ya daɗe yana goge hawaye da bakin rawani. Da ya samu numfashi ya miƙa wa Sallau usur da kaki. Sannan ya juyo gare ni, wai don a yi adalci.

"Koriya, kai ma ba za mu bar ka haka ba. Ka tsaya a bakin layi. In ka hango ɓarayi, ka faɗi. Ƙarar za ta tashe mu."