Ranar da Na Gudu da Jaririn Yaya Hassi

Ranar sunan ɗan Yaya Hassi a Shinkafi, na tara matan gida ina zuba musu ilmin sakandare. Na ce ƙwaƙwalwar jariri ba ta gama haɗuwa ba, saƙon gadon da ya ɗauko daga iyaye ma ana ta yi masa gyara a ciki. Inna ta ce, "To Malama, riƙa mini shi in duba tuwo."

Ina cire masa hula na ga tsakiyar kansa yana ɗagawa yana sauka. Na ƙwalla ihu, "Gyaran ya ɓaci!" Lokacin an hana mu mata hawan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, sai na rungume shi na sheƙa asibiti da ƙafa, Inna da mai jego na bina da salati.

Nas ta taɓa wurin ta ce, "Maɗiga ce, kowane jariri na da ita. Amma zancen gyaran ƙwaƙwalwa, kin yi gaskiya."

Na juyo da ƙarfina, "Kun dai ji ko?"

Inna na haki ta ce, "Mun jiya. Taki fa, yaushe za a gama gyaranta?"

Tun ranar, sai an ɗaure wa jariri hula tamau kafin a miƙo mini shi, ni Likitar Maɗiga.